Kafin ki biya kuɗin makaranta, ki tambayi lasisi

Uwargida, idan JAMB ta ba 'yarki gurbin karatun jinya, yi guɗarki, amma kada ki taɓa kuɗin adashi tukuna. Akwai tambayar da iyaye ba kasafai suke yi ba: idan ta gama, za a bar ta ta taɓa majiyyaci?

A ƙasar nan jami'a digiri kawai take bayarwa. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke amincewa da kwas ɗin. Izinin aiki kuwa yana hannun majalisar kowace sana'a: NMCN ga ma'aikatan jinya da ungozoma, MDCN ga likitoci, PCN ga masu haɗa magunguna. Majalisar na turo jami'anta su duba malamai, da ɗakunan gwaji, da asibitin da za a koyi aiki, sannan ta ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka.

A nan ake faɗawa rami. 'Yar wata ƙawata ta shekara uku a wata makarantar kuɗi da ke wajen jihar nan. Uwar ta sayar da tumakinta, har da 'yan kunnen gwal. Da jarabawar majalisa ta matso, sai aka ce babu sunan yarinyar a rajista, domin an ɗebi ɗalibai fiye da ƙa'ida. Yarinyar fa ta iya aiki, na ga yadda take gwada hawan jini. Amma ba rajista ba jarabawa, kuma wanda bai ci jarabawa ba ba shi da lasisi. Yanzu tana sake neman gurbi daga farko.

Lasisin na tarayya ne. Wadda ta yi karatu a kwalejin jinya ta Birnin Kudu ta ci jarabawar majalisa, za ta iya aiki a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, gobe aure ya kai ta Kano ko Legas ta ci gaba da lasisinta. Amurka ba haka ba ce, can kowace jiha da hukumarta. Saboda haka kada sunan gari ya ruɗe ki. Matsayin kwas ɗin za ki duba. Kuma amincewa da jami'a ba ya nufin an amince da kowane kwas da ke cikinta, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko a ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko a tsofaffin jami'o'i. Kowane kwas da tasa takardar.

Masu tura yara waje, ku ma da sauran aiki. Likitan da ya karanto a Sudan ko Masar sai ya zauna jarabawar MDCN kafin ya duba mara lafiya a nan. A Janairun 2024 ma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, iyaye da dama suka shiga zullumi.

Wayar da ke hannunki ta isa. Majalisun nan suna wallafa sunayen makarantun da suka amince da su a shafukansu na intanet. In karatun Turancin ya yi miki nauyi, sa wani ya duba miki. Sannan ki je makarantar da kanki, ki nemi shugaban sashe, ki ce: "Malam, majalisa ta amince da wannan kwas ɗin? Ɗalibai nawa aka ba ku, nawa kuka ɗauka?" Idan ya ce ana kan hanya, ki tambaye shi ko waɗanda suka gama bara sun zauna jarabawar lasisi. Bayan an shiga kuma, ki sa 'yarki ta kawo miki lambar rajistarta ta majalisa ki gani da idonki.