Yelwa ko Yola? Yadda ɗalibi zai kauce wa zaɓen tumun dare

Da zarar an buɗe rajistar JAMB, tambaya guda ce ke yawo a gidajen Yelwan Tudu da Yelwan Makaranta da ke Bauchi: wace jami'a yaro zai sa a zaɓin farko? Ga mai son injiniyanci ko kimiyya, sau da yawa hankali kan rabu tsakanin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola.

Kamanninsu ya yi yawa. An kafa ta Bauchi a 1980, ta Yola a 1981, dukansu a matsayin jami'o'in fasaha na gwamnatin tarayya. A 1984 aka mai da ta Bauchi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta Yola kuma ƙarƙashin Jami'ar Maiduguri, sannan a 1988 kowacce ta koma cin gashin kanta. Saboda haka suna da tarihi ba za su raba gardama ba. Kwas ɗin da ɗalibi zai karanta shi ne zai raba ta.

Hukumar NUC mai kula da jami'o'i kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a dunƙule ba. Sashe ɗaya na iya samun cikakkiyar amincewa, na kusa da shi ya samu ta wucin gadi. Mai neman injiniyanci ya binciki matsayin sashensa a wajen COREN, mai neman likitanci kuma a wajen MDCN, domin da amincewarsu ake samun lasisin aiki bayan kammalawa.

Sai batun gurbi. Jami'o'in tarayya na ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Maki ɗaya na iya buɗe ƙofa a nan, ya kasa a can.

Akwai kuma aljihun iyaye. Tunda jami'ar Bauchi na da haraba a Yelwa, ɗan unguwar na iya ɗauka zai riƙa takawa zuwa aji daga gida, alhali wataƙila tsangayarsa tana harabar Gubi, can bayan gari ta hanyar Ningi, inda kuɗin mota kullum zai riƙa cin guzurinsa. Wanda ya nufi Yola kuwa, haya da abinci da kuɗin zuwa hutu na jiransa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana rage nauyi, amma bashi ne, za a biya.

Kafin a cike fom, ɗalibi ya shiga harabar Yelwa ko ta Gubi ya sami 'yan aji uku ko huɗu na sashen da yake so. Ya tambaye su ko injinan ɗakin gwaji na aiki, mutum nawa ke zama a aji, da inda na gaba da su suka yi horon masana'antu. Ya nemi na Yola ta waya ya yi musu tambayoyin nan. Amsoshinsu za su nuna masa inda ya dace ya kai shekarun ƙuruciyarsa.