Dutsen Jed da Kayan Jingtailan na Ƙasar Sin: Yadda Kimiyya Ke Raba Sahihi da Jabu

A watan Janairu na shekarar 2011, an yi gwanjon wani teburin kwalliya da 'yar kujerarsa a birnin Beijing na ƙasar Sin. Da dutsen jed aka yi su, aka kuma ce tun zamanin daular Han suke, wato kimanin shekaru 2,000 da suka wuce. Cinikin ya faɗa a kan yuwan miliyan 220. Daga baya masana tarihi suka ɗaga murya, suka ce mutanen zamanin Han a kan shimfiɗa suke zama, ba su san irin wannan kujera ba. A shekarar 2012 jaridun ƙasar suka ba da labarin cewa wasu masu sana'a a garin Pizhou na lardin Jiangsu ne suka ƙera kayan a shekarar 2010.

Wannan labari ya nuna irin haɗarin da ke cikin cinikin tsofaffin kayan ado na ƙasar Sin. Duk mai son sayen irin waɗannan kaya yana fuskantar tambayoyi uku: Da me aka yi abin? An yi masa algus? Yaushe aka yi shi? Kimiyya tana amsa biyun farko dalla-dalla. Ta ukun kuwa, sai ta haɗa hannu da tarihi.

Suna Ɗaya, Duwatsu Biyu

Dutsen da Sinawa ke kira yu, Turawa kuma suke kira jed, ba iri ɗaya ba ne. A shekarar 1863 wani masanin ma'adinai Bafaranshe mai suna Alexis Damour ya tabbatar da cewa duwatsu biyu ne mabambanta ke amsa wannan suna.

Na farko shi ne nefirait. Ya ƙunshi silika da kalsiyam da magniziyam, wani lokaci da baƙin ƙarfe, wanda ke ba shi launin kore. Idan aka dube shi da na'urar ƙara girman abu, za a ga wasu siraran zaruruwa da suka sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Wannan sarƙiya ce ta sa yake da wuyar fashewa ƙwarai. Shi ne jed ɗin da Sinawa suka sani tun fil azal. Mutanen Liangzhu, waɗanda suka rayu kusa da inda birnin Hangzhou yake a yau fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, sun sarrafa shi sun yi faya-fayai masu huda a tsakiya. Daga baya mafi daraja ya riƙa zuwa daga yankin Hotan na jihar Xinjiang, inda ake tsintar sa a kogunan Yurungkash da Karakash, masu gangarowa daga duwatsun Kunlun. A shekarar 1968 an tono kabarin wani yarima mai suna Liu Sheng a Mancheng, aka same shi cikin wata riga da aka yi da gutsattsarin jed 2,498, waɗanda aka ɗinke da zaren zinariya.

Na biyu shi ne jedayit, wanda Sinawa ke kira feicui. Ya ƙunshi silika da sodiyam da alminiyam, kuma ɗan sinadarin kuromiyam da ke cikinsa ne ke ba shi koren nan shar da ake rububi. Mafi kyawunsa daga yankin Hpakant na arewacin ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama, yake fitowa. Bai yawaita a ƙasar Sin ba sai a ƙarni na 18, zamanin daular Qing. Shi ne ya fi tsada a kasuwar kayan ado. A shekarar 2014 an sayar da wata sarƙar wuya mai duwatsun jedayit 27 a Hong Kong a kan fiye da dalar Amurka miliyan 27.

Tun daga nan mai saye ya sami makami na farko. Duk dillalin da ya miƙo munduwar jedayit ya ce ta zamanin Han ce, to dutsen da kansa ya ƙaryata shi.

Gwajin da Ɗalibi Zai Iya Yi

Duwatsu da yawa sun yi kama da jed, amma kama da wane ba ta wane. Akwai safentin, wanda 'yan kasuwa kan yi wa laƙabi da sabon jed. Akwai farin dutsen ƙanƙara da aka rina, akwai kuma gilashi zalla, irin na ƙarau.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce gwada nauyin abu da nauyin ruwa mai girmansa, bisa ƙa'idar Arkimidis da ake koyarwa a darasin fiziks. Za a auna abin a sarari, sannan a rataye shi da siririn zare a auna shi cikin ruwa. Sai a raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Alal misali, idan dutse ya yi giram 33 a sarari, ya yi giram 23 a cikin ruwa, bambancin giram 10 ke nan, amsa kuma 3.3. Jedayit yakan ba da kimanin 3.3, nefirait kimanin 2.95, safentin da dutsen ƙanƙara kimanin 2.6, gilashin yau da kullum kuma kimanin 2.5. Wannan gwaji ba ya ɓata kaya, amma ba ya yiwuwa idan dutsen yana ɗaure cikin zobe ko ɗan kunne.

Akwai kuma ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa daga 1 zuwa 10. Nefirait yana tsakanin 6 da 6.5, jedayit tsakanin 6.5 da 7, wuƙar ƙarfe kuwa kimanin 5.5. Saboda haka wuƙa ba ta kartar jed na gaskiya, amma tana kartar yawancin safentin. Sai dai gwajin yana da aibi biyu: yana iya lalata kayan mutane, kuma dutsen ƙanƙara ma wuƙa ba ta kartar sa. Gilashi kuwa sau da yawa ƙananan kumfar iska da ke cikinsa ne ke tona masa asiri. Sanyin dutse a tafin hannu, da amon da yake yi idan an ƙwanƙwasa shi, waɗanda dillalai ke yawan kafa hujja da su, ba su isa shaida ba.

Algus a Cikin Dutse

Ko da dutse ya tabbata jedayit ne, da sauran rina a kaba. Tun daga shekarun 1980 aka fara ganin wata dabara a kasuwa. Akan ɗauki dutse maras kyau, a jiƙa shi cikin ruwan asid mai ƙarfi har dattin da ke cikinsa ya zube. Asid ɗin yakan bar ƙananan ramuka, sai a ɗura narkakkiyar roba ta cike su. Dutsen yakan fito garau, amma ya riga ya raunana, kuma bayan wasu shekaru robar kan yi rawaya.

Wannan ne ya sa aka kasa jedayit aji uku. Ajin A shi ne wanda ba a yi masa komai ba sai shafa kaki bayan guga. Ajin B shi ne wanda ya sha asid da roba. Ajin C shi ne wanda aka rina, akwai ma wanda aka haɗa wa B da C gaba ɗaya. Ya kamata a lura cewa harafin A ba ya nufin dutsen kyakkyawa ne, yana nufin ba a taɓa shi ba ne kawai. Ido, ko na gwani ne, yana iya ruɗuwa da ajin B. Abin da ke raba gardama shi ne na'urar da ke haska dutse da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Roba tana shanye wani sashe na wannan haske wanda dutsen ba ya shanyewa, sai alamarta ta fito a sakamakon gwaji. Don haka ne masu sayen jed mai tsada ke neman takardar shaida daga amintaccen ɗakin gwajin duwatsu.

Gilashi a Kan Tagulla

Kaya na biyu da masu tara kayan tarihi ke nema shi ne wanda Faransawa suka raɗa wa suna kuluwazone, daga kalmarsu mai nufin shinge. Ilminsa ɗaya ne da na kwanonin langa da fanteka da iyaye mata ke jerawa a ɗaki, wato narka garin gilashi a kan ƙarfe har ya manne. Bambancin yana ga yawan aiki.

Da farko maƙeri zai ƙera jikin tulu ko kwano ko munduwa da jan ƙarfe ko tagulla. Sai a lanƙwasa siraran wayoyi masu faɗi su yi siffar fure ko gajimare ko tsuntsu, a manna su a jiki, a gasa su kama. Kowane ɗan gurbi da waya ta kewaye sai a cika shi da garin gilashi mai launi da aka kwaɓa da ruwa. Za a gasa a wuta mai zafin digiri 800 ko kusa da haka. Gilashin yakan shanye idan ya narke, don haka sai an sake cikawa an sake gasawa sau da dama. Daga nan a goge da dutse da gawayi har ya yi sumul, a shafa wa wayoyin ruwan zinariya. Launukan daga ma'adinai suke: kobal na ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe na ba da shuɗi mai haske, manganis kuma na ba da shunayya.

Ba a ƙasar Sin sana'ar ta samo asali ba. Daga yamma ta shigo, wajen ƙarni na 14, zamanin daular Yuan. Wani littafi kan kayan tarihi da Cao Zhao ya rubuta a shekarar 1388 ya kira irin waɗannan kaya da sunan Dashi, sunan da Sinawa ke kiran ƙasashen Larabawa da shi a lokacin. Daga baya aka san su da jingtailan, wato shuɗin Jingtai, sarkin daular Ming da ya hau mulki a shekarar 1449. A shekarar 2006 gwamnatin Sin ta sanya sana'ar cikin jerin al'adun gargajiya da ake karewa, kuma har yanzu ana yin ta a Beijing.

Tambayar Shekaru

Nan ne gizo ke saƙa. Gwajin kabon 14 da ake gane shekarun ƙashi ko itace da shi ba ya aiki a kan dutse ko gilashi. Ko da an san shekarun dutsen kansa, wannan ba zai faɗi ranar da aka sarrafa shi ba. Saboda haka masana kan nemi abin da bai dace da zamanin da ake da'awa ba.

A wajen jed, sukan duba sawun kayan aiki. Ba a sassaƙa jed da wuƙa, gurza shi ake yi da yashi mai tauri. Masu sana'ar da suna juya faifan gurza da ƙafa, aikin kan ɗauki watanni, wani ma shekaru. Injin lantarki mai baki na daimon, wanda ya yaɗu a ƙarni na 20, yakan bar sawu na daban, wanda gwani ke ganewa da madubin ƙara girma. Masu jabu kuwa sukan gasa sabon dutse, ko su jiƙa shi a sinadari, ko su binne shi, don ya yi kamar ya daɗe a ƙasa.

A wajen jingtailan, launi shaida ne. Irin ruwan hodar da ake samu daga ƙurar zinariya bai shiga wannan sana'a ba sai ƙarni na 18, don haka ba a sa ran ganin sa a kayan Ming. Kayan Ming sukan yi nauyi, gilashinsu kuma da 'yan ramuka kamar na allura. A da, da zaiba ake kwaɓa zinariya a shafa, a gasa zaibar ta tashi. Shafa zinariya da lantarki kuwa sai a ƙarni na 19 aka ƙirƙiro shi. Na'urar da ke aiki da hasken eksire tana iya gano ɓurɓushin zaiba ba tare da an kankare komai ba.

Tambarin da ke gindin kaya ma abin lura ne. Sunan sarki Jingtai ya bayyana a kan kaya masu yawa da aka yi ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Haka kuma wata dokar Amurka ta 1890 ce ta tilasta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya, saboda haka abin da ke ɗauke da kalmar CHINA da haruffan boko ba zai zama na zamanin Ming ba. Yawancin awarwaro da 'yan kunne da duwatsun wuya na jingtailan da ake gani a kasuwannin duniya a ƙarni na 20 aka yi su, domin sayarwa a waje. Kaya ne masu kyau, kuma ba jabu ba ne muddin an sayar da su a matsayinsu.

Doka da Amana

Ko abu ya tabbata tsoho ne, sai a tambayi yadda ya baro gida. A shekarar 1860 sojojin Ingila da Faransa sun wawashe fadar Yuanmingyuan da ke Beijing, kayanta suka watsu a duniya. A shekarar 2012 ɓarayi sun kwashe kayan Sin 18, yawancinsu na jed, daga gidan tarihi na Fitzwilliam a Kambirij. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, kuma tun shekarar 2007 ƙa'idojin Sin suka hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Don haka takardun da ke nuna hannayen da kaya suka bi suna da muhimmanci kamar takardar ɗakin gwaji. Sabon jedayit ma yana da nasa nauyin, domin a watan Yuli na 2020 zaftarewar ƙasa ta kashe fiye da mutane 170 a mahaƙar Hpakant.

Kammalawa

Mai sayen irin waɗannan kaya ba zai rasa sikeli da madubin ƙara girma ba, kuma ba zai yi cinikin biri a sama ba. Zai nemi a rubuta masa sunan dutsen, da ajinsa, da zamanin da ake da'awa, tare da sharaɗin mayarwa idan gwaji ya saɓa. Idan kuɗin ya yi ƙasa fiye da kima, ya tuna cewa araha ba ta ado. Ga ɗalibai da malamai kuwa, gwajin Arkimidis ba ya bukatar sai an sami jed. Tsakiya ko murjani ko ƙarau da ke gida sun isa a fara, a auna, a rubuta, a gwada amsar da ta littafi.