Hula, Hijabi da Kwat: Me Ma'aikaci Zai Bari a Ƙofar Ofis?

Duk shekara idan aka fara rarraba matasa wuraren hidimar ƙasa, akwai wata tambaya da ke zagaya gidajenmu daga Nima da Mamobi har Aboabo da Sabon Zango. Yarinya ta gama kwalejin jinya tana tambaya: in tafi intabiyu da hijabina ko in cire? Saurayi ya sami kira daga banki yana shafa gemu yana tunanin aska. Mu malaman makaranta mu akan fara kawo wa wannan tambaya, domin ana ganin mun san boko, mun kuma san gida. Tambayar tana da nauyi, saboda a gefe guda akwai albashin da gida gaba ɗaya ke jira, a ɗaya gefen kuwa akwai addinin mutum da asalinsa.

Magabata sun bar mana karin magana biyu da ke jan mu nan da can. Sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, wanne ma'aikaci zai bi ranar Litinin da safe?

Inda tsoron ya samo asali

Bahaushe ba baƙo ba ne ga yunifom a wannan ƙasa ta Gana. Tun lokacin yaƙin Turawan Ingila da Asante a 1873 zuwa 1874 aka kawo sojojin Hausawa daga Legas, kuma rundunar da aka kafa a 1879 da sunan Hausawa aka fi saninta. Kakanninmu sun sa kakin gwamnati da jar dara, sun yi fareti, ba su kuwa daina zama Hausawa ba.

Abin da ya dasa tsoro a zukata shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Dokta Busia a watan Nuwamba 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutane da yawa daga zangunanmu sun kwashe kaya sun tafi. Waɗanda suka rage kuma suka koyi cewa babbar riga da sunan Hausa suna iya jawo wa mutum tambayar "kai ɗan ina ne?" ko da a nan aka binne cibiyar kakansa. Wannan tabo ne ya sa har yanzu wasu iyaye ke gaya wa 'ya'yansu su ɓoye kansu a wurin aiki. Ba mu ga laifinsu ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai zamani ya canza, doka ma ta canza.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulkin 1992, a sashe na 17, ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsi, ƙabila, asali ko addini. Sashe na 21 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da kuma bayyana shi a fili. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta lasafta korar ma'aikaci saboda addininsa ko ƙabilarsa cikin korar da ba ta bisa ƙa'ida. Ƙidayar 2021 kuma ta nuna Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne na al'ummar ƙasa, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar, an haɗa da Dagomba da Wala da Gonja da sauran 'yan'uwa.

Duk da haka, rubutun doka daban, abin da ke faruwa a ofis daban. A watan Fabrairu 2015 Musulmi sun yi zanga-zangar lumana a Sekondi-Takoradi kan tilasta wa mata cire hijabi a makarantu da wuraren aiki, har gwamnati ta fitar da sanarwa tana gargaɗin shugabannin ma'aikatu. A watan Oktoba 2019 mata suka sake fitowa a Akra da Kumasi da Tamale kan wannan magana dai. Da gargaɗin farko ya yi aiki sosai, da ba a sake fitowa bayan shekara huɗu ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar ɗalibai biyu mabiya Rasta sai sun aske gashinsu, Babbar Kotu a Akra kuma ta yanke hukunci a watan Mayu na shekarar cewa a karɓe su. Makaranta ce, ba ofis ba, amma 'yancin addinin da ya kare gashin waɗannan yara shi ne ke kare mayafin 'ya'yanmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wace shiga ce ba ta kowa ba?

Hujjar masu hanawa ita ce wurin aiki na kowa ne, don haka kada ma'aikaci ya zo da alamar da za ta nuna ɓangarensa. Faransa ta bi wannan hanya har ƙarshe: ma'aikacin gwamnati ba ya sa alamar addini a bakin aiki, a 2004 kuma aka hana ɗaliban makarantun gwamnati sa irin waɗannan alamu. Amma tsarin mulkinmu bai ɗauki wannan tafarki ba, kuma kowa ya san yadda ake buɗe taron ma'aikata da addu'a a ofisoshi da makarantu da yawa na ƙasar nan.

Sa'an nan mai karatu ya dubi shigar da ake cewa ba ta kowa ba ce. Kwat da nektai tufafin mutanen Ingila ne, an ɗinka su don ƙasar sanyi. Hular gashin doki da alƙalai da lauyoyi ke sawa a kotu ita ma daga can ta zo. Sabo ne kurum ya sa ido ya daina ganinsu a matsayin kayan wata al'umma. Shugabannin ƙasar nan sun daɗe da gane haka. A daren 6 ga Maris 1957 da batakari Kwame Nkrumah da abokansa suka tsaya suka yi shelar 'yancin kai. A 2004 gwamnatin Kufuor ta ƙaddamar da shirin sa tufafin gida ranar Juma'a a wuraren aiki. A watan Janairu 2022 Kakakin Majalisa Alban Bagbin ya ajiye rigar Turawa ta kujerarsa ya shiga zaure da kayan gargajiya. In kente da batakari sun cancanci ofis, ba mu ga dalilin da zai sa kaftani mai tsabta da hula su kasa ba.

A Nijeriya ma an yi wannan ja-in-ja. A watan Disamba 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi saboda ta sa hijabi a ƙarƙashin hular gashin, a watan Yuli 2018 kuma aka rantsar da ita da hijabinta. A 2022 rundunar 'yan sandan ƙasar ta amince wa mata su sa ɗan mayafi ƙarƙashin hular aiki. Yunifom bai ɓaci ba, aiki bai tsaya ba.

Inda mai ma'aikata ke da gaskiya

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai ƙa'idojin da aikin kansa ya haifar. Nas da ke wanke gyambo ko karɓar haihuwa ba za ta bar dogon mayafi yana jan gado ba, domin tufa tana kwasar ƙwayoyin cuta daga wannan majinyaci zuwa wancan. A ɗakin tiyata kowa kayan tiyata yake sawa. Mai aiki kusa da inji ba zai sa babbar riga ba, sai in yana so injin ya ja shi. Mai aikin gini dole ya sa hular kwano. Irin wannan ƙa'ida tana da dalilin da za a iya faɗa da baki, kuma kusan kullum akwai mafita: ɗan ƙaramin hijabi mai launin yunifom da ake cusawa cikin wuyan riga, ana wanke shi kullum.

Saboda haka ma'aunin da muke ba ɗalibanmu guda ne. Ka tambayi kowace ƙa'ida: wane aiki take yi? In tana kare lafiya, ko rai, ko tana sa jama'a su gane ma'aikaci, a bi ta. In kuwa amsar ita ce "haka muka saba" ko "masu zuwa ba za su so gani ba", to wannan son rai ne aka sa wa rigar doka.

Rashin son kai da jama'a ke bin ma'aikaci bashi yana cikin halinsa. Malamin da ke ƙara wa ɗan unguwarsu maki ya ci amana ko da kwat uku ya sa. Nas da ta tsallake layi ta fara duba 'yar zango ta bar wadda ta riga ta zuwa, ta ɓata sunan hijabin da ke kanta. Haka ma harshe. Yi wa tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Tuwi bayanin magani da Hausa taimako ne ga asibiti. Amma mu biyu mu juya Hausa a ɗakin malamai muna dariya alhali abokin aiki na uku yana zaune bai ji, wannan rashin ladabi ne. Sallar Juma'a haƙƙi ce da za a nema, amma mai fita sha biyu ya dawo uku ya bar aji ba malami, shi ke toshe wa na bayansa hanya. Aji da kanta kuma ba wurin wa'azi ba ne.

Shawara ga masu shiga aiki

Na farko, a raba wajibi da ado. Abin da addini ya ɗora a riƙe, amma ƙunshin biki, turare mai ƙarfi da zobba a bar su sai ranar suna. Na biyu, a je intabiyu da kamannin da za a riƙa zuwa aiki da su, domin wadda ta cire mayafi ranar neman aiki ta mayar bayan wata guda ta jawo wa kanta rigima. Na uku, in shugaba ya ce a cire, kada a yi hayaniya. A ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a taimake ni da wannan umurni a rubuce." Sau da yawa maganar a nan take mutuwa. In ba ta mutu ba, a kai ga ƙungiyar ma'aikata, kamar GNAT ga mu malamai, ko Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda ba ta karɓar kuɗi kafin ta saurari koke.

Na ƙarshe, kuma mafi girma, a iya aiki. Ma'aikaciyar da ke riga kowa zuwa, lissafinta ba ya kuskure, majinyata na tambayarta da suna, da wuya a yi dogon musu kan abin da ke kanta. Mu kuma iyaye da malamai mu daina koya wa yara ɓuya. Mu koya musu sashe na 17 da na 21 kamar yadda muke koya musu jadawalin sau, mu haɗa musu da gaskiya da riƙon amana. Allah Ya ba 'ya'yanmu aikin yi na halal, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.