Bargo, Fensir da Dogon Buri: Kallon Besbol a Watan Afrilu

Duk wanda zai je kallon wasan besbol a filin Wrigley da ke birnin Shikago a farkon watan Afrilu, ba tikiti kaɗai yake tanada ba. Sai ya haɗa da rigar sanyi da safar hannu da hular da ke rufe kunne, wasu har da bargo. Filin bai da nisa da tafkin Michigan, kuma a wannan lokaci iska kan taso daga kan ruwan ta ratsa mutum har ƙashi. A shekarar 2018 dusar ƙanƙara ce ta sa aka ɗage wasan farko na gida zuwa washegari. Duk da haka magoya bayan ƙungiyar Chicago Cubs sukan yi dafifi zuwa wannan fili mai ɗaukar mutum kimanin 41,000, wanda aka buɗe tun 1914, domin wata shida ke nan rabonsu da shi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowace ƙungiya tana da mutum tara a fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya yi ƙoƙarin maka ta da sanda, in ya same ta ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Wanda ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. In an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Babban abin da ke tayar da 'yan kallo tsaye shi ne bugun da ke tsallake katanga, domin mai shi zai zagaya tashoshin nan ba mai tare shi.

To, a Afrilu wannan bugu wuya gare shi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka ƙwallo ba ta tafiya da nisa, balle in iskar tafki na turo ta baya. Sai ka ji ƙarar sanda, jama'a su miƙe da ihu, ƙwallon ta lula sama, can kuma ta yi laƙwas ta faɗo hannun mai tsaron baya. Kowa ya koma ya ja bargonsa. Bugun da a watan Yuli zai iya faɗawa kan titin Waveland da ke bayan filin, a Afrilu ko katanga ba ya kaiwa. Ita kanta katangar, wadda tsiron da aka dasa a 1937 kan lulluɓe da koren ganye in zafi ya shigo, a Afrilu jan bulo ce da busassun rassa.

Akwai wasu 'yan kallo, galibi dattawa, da ba a raba su da fensir da takardar lissafi. Kowane matsayi a fili yana da lamba daga 1 zuwa 9. In aka fitar da mai bugu saboda ya kasa samun ƙwallo, sai su rubuta harafin K. In mai lamba 6 ya cafe ta ya jefa wa mai tsaron tashar farko, su rubuta 6-3. Da yatsun da sanyi ya ƙandare ake wannan rubutu, alhali ga ƙaton allon maki can a sama, wanda har yau mutane ne ke shiga cikinsa suna sauya lambobi da hannu. Kuma al'adar gidan ita ce, in ɗan ƙungiyar baƙi ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, wanda ya cafe ta sai ya wurgo ta fili, in ba haka ba maƙwabtansa su hana shi sakat.

Sai dai babban abin da ɗan kallon Afrilu ke fama da shi ba sanyi ba ne, saurin yarda ne. Ranar 4 ga Afrilu, 1994, a wasan buɗe kaka, wani ɗan wasan Cubs da ba a san shi sosai ba, Tuffy Rhodes, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau uku a jere, kuma a hannun Dwight Gooden na New York Mets, mai jifan da ake shakka. Filin ya ruɗe, aka ce an samu sabon gwarzo. Amma Cubs ta sha kashi a wasan da ci 12 da 8, ta kuma faɗi wasanninta 12 na farko a gida. Shi kuwa Rhodes, biyar kacal ya ƙara a sauran shekarar. Rabonsa ashe a Japan yake, inda ya yi irin wannan bugu 55 a 2001, ya kamo tarihin da Sadaharu Oh ya kafa a can.

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Besbol bai san wannan zance ba. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na babbar gasar da Cubs ke ciki tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, don haka wasa goma na farko ba su kai a yanke hukunci a kansu ba. Tampa Bay Rays ta ci wasa 13 a jere a farkon 2023, amma ko rukuninta ba ta lashe ba, kuma a zagayen farko na wasannin Oktoba na neman kofi aka yi waje da ita. Washington Nationals kuwa ta ci 19 ta faɗi 31 a farkon 2019, har an fara yi mata ta'aziyya, sai ga shi ita ta ɗauki kofi. Magoya baya sun san duk wannan sarai. Ba ya hana su kiran gidan rediyo bayan kwana uku suna neman a kori koci.

Magoyin bayan Cubs dai ba a koya masa haƙuri. Daga 1908 sai da ƙungiyar ta yi shekara 108 kafin ta sake ɗaukar kofi a 2016.

Wani sauƙi da masu bargo suka samu shi ne agogon da aka sa wa mai jifa a 2023, wanda ya ba shi daƙiƙa 15 ya saki ƙwallo in babu kowa a tasha. Wasan da a da kan haura awa uku ya dawo wajen awa biyu da minti 40. Masu ra'ayin 'yan mazan jiya sun yi ta ƙorafi, amma wanda ya taɓa zaman kujerar nan cikin iskar Afrilu ba zai ga laifin agogo ba.

In ana neman ranar da ta fi dacewa a fara kallo, 15 ga Afrilu ce. A irin ranar ce a 1947 Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers, ya karya shingen da ya daɗe yana hana baƙar fata buga babbar gasar, kuma tun 2009 kowane ɗan wasa lambarsa 42 yake sawa a ranar. Wasannin rana a Wrigley kan fara da ƙarfe 1:20 agogon Shikago, wato 7:20 na dare agogon Najeriya da Nijar.