Nikakken Nama a Burodi: Girkin Daura da Lafiyar 'Ya'yanmu a Ƙasashen Waje

Duk inda Bahaushe ya yada zango, ba a daɗewa sai a ga hayaƙin gashin nama ya tashi. Agashen da ake rububi a titunan Khartum da Omdurman, Hausawa ne suka kai shi Sudan, wasu ta hanyar hajjin ƙasa, wasu cikin ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa garin Mai Wurno. A unguwar Nima ta Accra da zangon Kumasi tsirenmu ne ake kira cicinga, a Kamaru ana ce masa soya, a Dakar kuwa dibin Hausa ya yi suna. Mun daɗe muna koya wa wasu sarrafa nama. Amma yau a gidajen Hausawa da ke Bronx ta birnin New York, da Houston, da Landan, da Jidda, 'ya'yanmu ne suke shigowa da wani salon cin nama da iyayensu ba su taso da shi ba, kuma salon yana taɓa lafiyar gida gaba ɗaya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shiga ran yara a Amurka shi ne abin da ake kira silofi jo. Nikakken naman shanu ne ake soyawa da albasa, a zuba masa miyar tumatir mai zaƙi, a ɗibo da ludayi a zuba a tsakiyar burodi mai laushi, yaro na ci miya na ɗiga a hannu. Tsohon abinci ne a makarantun ƙasar, kuma tun 1969 kamfanin Hunt's ya fara sayar da miyarsa cikin gwangwani da sunan Manwich. Uwar da ta kwana tana aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi, mijinta kuma yana bisa titi da tasi, ba za a ga laifinta ba idan ta rungumi girkin da ba ya wuce minti 20, yara kuma su cinye ba gardama. 'Yan'uwan wannan girki suna nan a wasu ƙasashe: mutabbak da shawarma a Makka da Jidda, da dogon burodin nan da ake cusa wa nikakken nama da mayonis a Abidjan, kamar yadda ake yi a Yamai da Damagaram.

Don a gane abin da ya canza, sai a leƙa tukunyar gida. A unguwar Kusugu ta birnin Daura, kusa da rijiyar tarihi da fadar sarki, ko a ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu, abincin yau da kullum tuwon gero ne ko na dawa, da miyar kuka ko kuɓewa da ta ji daddawa. Da rana a sha fura da nono, a ci ɗanwake ko kwaɗon zogale da rama. Nama yakan zo ne tsoka ɗaya ko biyu a kan tuwo, wani lokaci ma ƙamshinsa kawai. Cinsa har a ƙoshi sai ranar layya, ko suna, ko biki, ko lokacin Sallar Gani. Ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa a kusa, amma yawancin shanun manyan motoci ne ke kwasarsu zuwa kudu. Ga noma, ga tafiyar ƙafa, ga daka da surfe, duk suna ƙone abin da aka ci. A ƙasar waje kuwa ma'aunin ya juye. Nama ya zama shi ne abincin, hatsi da ganye suka koma gefe, ga zama cikin mota, ga sanyin da ke kulle mutum a ɗaki wata da watanni.

Jiki yana nuna wannan sauyi. A 1997 Dakta Richard Cooper da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan mutane masu asali daga Afirka ta Yamma, inda suka sami hawan jini a jikin kashi 16 cikin 100 na mazauna Afirka ta Yamma, da kashi 26 a tsibiran Karebiyan, da kashi 33 a Amurka. Wani binciken mai suna RODAM, wanda Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amsterdam ya jagoranta aka wallafa a 2016, ya gwada 'yan Ghana mazauna karkara da 'yan'uwansu mazauna Amsterdam da Berlin da Landan. Matan karkara kimanin 8 cikin 100 ne ke da ƙiba mai cutarwa, a Landan kuwa sun haura rabi, ciwon sukari ma ya ƙaru. Maƙwabtanmu ne waɗannan, cimarmu da tasu ba ta da nisa, hanyar da suka bi ita muke bi.

Abu huɗu ne ke ɓata wannan burodi da nama. Na farko kitse: nikakken nama mai araha a kantunan Amurka da Ingila yakan ɗauki kitse kashi 20 cikin 100, wato rabin kilo yana da giram 100, kusan cokalin miya 7 na mai. Na biyu sukari: cokalin miya ɗaya na kecaf yana da kimanin giram 4, kuma kofi guda ake juyewa a tukunya, wasu ma su ƙara jan sukari. Idan yaro ya kora da lemon gwangwani mai giram 35, ya doshi giram 50 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke wa babban mutum a yini guda. Na uku gishiri: hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a rana, alhali akwai shi a miyar gwangwani da burodi, ga ɗunƙulen magi da kusan rabinsa gishiri ne. Na huɗu farin burodi da aka cire wa dusa, wanda ke ɗaga sukarin jini nan da nan, yunwa kuma ta dawo da wuri.

Hana yara ba ya aiki, domin abin da aka hana a gida za su ci a waje. Gyara shi ne mafita, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Uwargida ta fara daga wurin mahauci. A shagon naman halal ta zaɓi tsoka zalla ta cinya, ta sa a niƙa mata a gabanta. Idan na leda za ta saya, ta duba wanda kitsensa bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba. Ta soya shi ba tare da ƙara mai ba, ta tsiyaye abin da ya fitar. Ta tabbatar ya dahu har ciki babu sauran ja, domin niƙa tana watsa ƙwayoyin cuta cikin naman duka, shi ya sa hukumomin Amurka suka ce zafinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos.

Sai ta raba naman biyu, ta ajiye rabi don gobe, ta cike gurbinsa da dafaffen wake da aka ɗan farfasa. Wake yana shan miya ya saje da nama, yana riƙe ciki, yana rage kuɗin cefane. Wannan ya dace da shawarar Asusun Binciken Sankara na Duniya, cewa jan naman da mutum zai ci a mako kada ya wuce giram 350 zuwa 500 bayan an dafa. Tun a 2015 ma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta danganta yawan cin jan nama, musamman sarrafaffe irin su sosej, da sankarar hanji.

Miyar kuwa jajjagenmu ya wadatar: tumatir, tattasai, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, da attaruhu daidai bakin yara. Zaƙin da suka saba da shi zai fito daga gogaggen karas da albasar da aka bari ta yi laushi a kan wuta kaɗan-kaɗan, ko dabino ɗaya da aka jiƙa aka dama. Ɗan tsamin kuma ruwan tsamiya ne zai ba da shi. Daddawa ta maye gurbin yawancin ɗunƙule. Ana samunta a shagunan kayan Afirka, sai dai a lura, akwai wadda ake adanawa da gishiri, irin wannan sai a ɗauraye. Dab da saukewa a watsa garin zogale ko yankakken alayyahu. A zuba a burodin alkama da ba a cire wa dusa ba, ko gurasar da aka gasa a gida, a haɗa da kabeji da kokwamba, a kora da ruwa ko zoɓon da ba a cika wa sukari ba. A tukunya guda a yi mai yawa ranar hutu, a rarraba a firiza, ranar aiki sai ɗumamawa kawai. Kuma a jawo yaran cikin aikin, wannan ya goga karas, wannan ya farfasa wake, domin yaro ba ya raina abin da hannunsa ya taɓa.

Nauyin bai tsaya kan iyaye mata ba. Maigida ne sau da yawa yake shigowa da katan ɗin lemo, shi ne kuma yake cewa miya ba ta ji magi ba. Ƙungiyoyin Hausawa da masallatanmu na can, waɗanda ke tara jama'a a buɗa-baki da walimar suna, za su iya gayyato likitoci da ma'aikatan jinya daga cikinmu su auna jinin mutane, su kuma yi bayani da Hausa. Mu ma na gida maganar ta shafe mu, tunda shagunan shawarma da baga suna ta yawaita a Kano da Katsina, kuma sau da yawa 'yan'uwa na waje ne ke aiko da kuɗin maganin hawan jinin tsofaffi. Mai ɗauke da wannan nauyi bai kamata shi ma ya kwanta ba.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna ƙetare, a wannan makon a rage naman da rabi, a sa wake da daddawa, a ajiye miyar gwangwani, kuma duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa jini da sukari. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raya mana zuri'a.