Daga Gwandu Zuwa Kalgo A Guje

Wata rana da bazara muna zagayen duba makarantu a ƙasar Gwandu, sai wani saurayin malami, wanda muka taɓa koyarwa a kwalejin horon malamai, ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, shawara na kawo. So na ke in tashi daga nan Gwandu a guje, in bi ta Birnin Kebbi, kada in tsaya sai Kalgo." Muka dube shi, muka tambaye shi ko wani abu ne zai biyo shi. Ya yi dariya, ya ce shi dai yana son ya ga iyakar abin da jikinsa zai ɗauka. Nisan nan kuwa ya haura kilomita 60, watau mil 37 da wani abu.

Kafin mu ba da labarin yadda aka ƙare, ya kamata mai karatu ya san irin wannan gudu. Gudun fanfalaki da aka saba ji, wanda Turawa ke kira Maraton, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, ko mil 26 da yadi 385, awon da aka yi gudun London da shi cikin 1908. Shi ne Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci a birnin Rum cikin 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa, shi ne kuma ake yi a Ikko tun daga 2016. To, duk gudun da ya zarce wannan awo ya shiga wani aji dabam. Ana yin na kilomita 50, ana yin na 100, ana yin wanda ya fi haka.

Wanda ya fi suna shi ne Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Pietermaritzburg da Durban, kusan kilomita 90. Wani tsohon soja, Vic Clapham, ya ƙago shi don tunawa da 'yan'uwansa da suka halaka a Yaƙin Duniya na Farko. Ran 24 ga watan Mayu 1921 mutum 34 suka tashi, 16 suka kai, Bill Rowan ya zo na ɗaya cikin sa'a 8 da minti 59. Sai cikin 1975 aka yarda baƙar fata da mata su shiga a hukumance, sa'an nan cikin 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙin mutum na farko da ya ci. Yanzu sa'a 12 ake ba mutum, in ya wuce da daƙiƙa ɗaya an rufe masa ƙofa. Akwai kuma na cikin Hamadar Maroko da aka fara cikin 1986, inda ake cin wajen kilomita 250 cikin mako guda, kowa da guzurinsa a baya.

Mu kam doguwar tafiya a ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake sun je Gwanja sun ɗauko goro, alhazan da sun ratsa Barno da Sudan da ƙafa, manzanni sun yi ta kai wasiƙu tsakanin Gwandu da Sakkwato tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ko cikin 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Ikko zuwa Abuja cikin kwana 18. Amma fa tafiya dabam, gudu dabam. Mai tafiya yana iya yini rana na dukansa, mai gudu kuwa jikinsa na hura wuta daga ciki, ga kuma ta sama. Wannan bambanci ne ya kusa jawo mana baƙin ciki.

KUSKUREN FARKO

Mun ba malamin nan ƙarfin gwiwa ba tare da mun yi masa iyaka ba, laifin nan kuwa namu ne. Ya fara horo cikin watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Kabi kan wuce digiri 40. Wata rana aiki ya hana shi fita da safe, ya ce bari ya rama bayan an tashi makaranta. Bai yi sa'a guda ba sai jiri ya kwashe shi. Waɗansu manoma suka same shi zaune a bakin hanya yana magana ba kan gado, jikinsa kamar garwashi. Allah ya sa suka kai shi inuwa, suka yi ta kwara masa ruwa suna yi masa fifita, kana aka ɗauke shi zuwa asibiti. Abin da suka yi shi ne daidai. Idan zafin cikin jiki ya kai digiri 40 har hankali ya fara gushewa, a fara sanyaya mutum nan take, kada a jira mota, domin jinkirin rabin sa'a yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta.

Da ya warware muka zauna da shi, muka yanke cewa ba za a yi wannan gudu ba sai cikin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, sa'ad da safiya ke da sanyi. Muka sa likita ya auna masa jini da zuciya, ya kuma duba ko yana da sikila. Duk mai wannan niyya ya fara daga nan.

SHIRI

Horon ya ɗauki wata shida. Kwana huɗu ko biyar a mako ya kan fita bayan sallar Asuba, a hankali, irin gudun da mutum zai iya hira cikinsa ba tare da haki ya tsinke masa magana ba. Samari ba su son jin wannan, gani su ke gudun da ba a yi ragas ba wasa ne. Alhali kuwa zuciya da huhu suna saurin sabawa, jijiyoyi da ƙashi ne ke da nawa, su ne kuma ke ba mutum kunya in ya yi gaggawa. Saboda haka abin da ya kan ƙara kowane mako bai wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata ba, mako na huɗu kuma ya sassauta. Ran Asabar ya yi mai tsawo, ran Lahadi ya sāke fita da gajiyar jiya a ƙafarsa, don jiki ya koyi aiki a gajiye. Mafi tsawon da ya yi kafin ranar bai kai kilomita 45 ba. Da ya rage mako uku sai ya rage gudu ƙwarai, ya yawaita barci.

Sha'anin ci da sha ya fi ba mu wahala. Abincin da jiki ke tarawa cikin tsoka da hanta ba ya wuce kilomita 30 ko makamancin haka, daga nan sai mutum ya ji kamar an zare masa laka. Tilas ne a riƙa ci ana gudu, ciki kuwa sai an koya masa. Ya gwada fura ta yi masa nauyi, ya gwada ƙuli-ƙuli ya tsaya masa a wuya. Daga bisani ya tsaya kan dabino da ayaba da kunun zaƙi mai ruwa-ruwa. Mai gudu cikin zafi kan zubar da lita guda ko fiye na gumi a sa'a, gumin kuwa da gishiri ya ke fita. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙishinsa, gishirin jininsa kan tsinke, har ya kai ga suma. Sai muka riƙa haɗa masa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa, yana kurɓa kaɗan-kaɗan.

RANAR GUDU

Mun sanar da hakimi da 'yan sanda tun da wuri, muka sami samari biyu a kan babur da jarkar ruwa da guzuri. Bayan Asuba, ana hazo, ya yi addu'a ya kama hanya. Ya bi gefen hagu yana fuskantar motoci masu zuwa, da tsohon takalminsa na kambas wanda ƙafa ta saba da shi, ya shafa basilin a yatsu da hammata. Tsarin da muka yi shi ne gudu minti 25, tafiya minti 5, tun daga farko, ba sai ya gaji ba. Yara suka yi ta binsa a ƙauyuka, wata tsohuwa kuma ta tsaya tana salati, tana tambaya ko lafiya.

Har kilomita 35 yana ba'a da masu babur. Daga nan ya yi shiru. Wajen kilomita 45 sharaɓarsa ta dama ta ɗaure, ya zauna a ƙasa yana cije leɓe, ga bororo ya fashe a diddige. Nan ne wani mai wucewa, da kyakkyawar niyya, ya ciro ƙwaya ya ce in ya sha ba zai ƙara jin kome ba. Muka gode masa, muka hana. Taramol da ire-irensa ɓoye ciwo su ke yi, ba su warkar da shi, tun daga Janairu 2024 ma hukumar duniya mai hana shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa. Ko maganin ciwon jiki na kanti irin su ibuprofen, in ya tarar da jiki ba ruwa, ƙoda ya ke cuta. Aka murza masa ƙafa, ya ci dabino, ya tashi yana ɗingishi, bayan kamar minti 20 ƙafar ta saki.

A Birnin Kebbi ya yi alwala ya yi Azahar raka'a huɗu cikakku. Ɗaya daga cikin samarin ya so ya yi masa fatawar ƙasaru, muka tuna masa cewa a mazhabar Malik sai tafiya ta kai mil 48, wannan kuwa duk wahalarta ba ta kai ba. Tashi daga sujada, in ji shi, ya fi dukan gudun wuya.

Abin da ya rage zuwa Kalgo bai wuce kilomita 15 ba, amma rana ta take, rabinsa tafiya ce ba gudu ba. Muka riƙa jiƙa masa hula, muna yi masa tambayoyi, sunan ajinsa da yawan ɗalibansa, don mu tabbata hankalinsa na nan. Mun riga mun yi alkawari da shi cewa ya kuskure amsa ɗaya za mu ɗora shi a babur, ko ya so ko ya ƙi. Bai kuskure ba. Ya shiga Kalgo bayan La'asar, sa'a goma da 'yan mintoci daga tashinsa, ya nemi gindin bedi ya zauna. Da muka ce masa sannu, sai ya ce, "Malam, a taimake ni a cire mini takalmin nan."

Farce biyu suka fita daga baya, ya kuma yi kwana uku yana sallah a zaune. Ran Litinin ta sama ya koma aji. Yanzu ɗalibai bakwai ke fita tare da shi da safe, mun kuwa yi musu iyaka da kilomita 5 har sai ƙashinsu ya ƙosa.