INA YARAN GOMBE MASU GUDUN NAN SUKE SHIGEWA?

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ran babban tseren nan da aka fara a 2016 ya san yadda abin yake ƙarewa. A shekarun farko ana tashi daga filin wasa na Surulere da sassafe, a hau doguwar gadar nan ta uku, a zarce har bakin teku, tafiyar mil 26 da yadi 385, watau kilomita 42 da ɗoriya. Mutanen Kenya da na Habasha su ne kan shigo gaba, su kwashe kuɗi. Abraham Kiptum na Kenya shi ya ci na 2016 da na 2017. Sai an jima kana ɗan Nijeriya na farko ya ɓullo, in an tambaya kuwa galibi sai a ji ɗan Jihar Filato ne, irin su Iliya Pam da Deborah Pam.

Mutumin Gombe da ke kallo yana da dalilin yin mamaki, domin ya san abin da ya baro a gida. Ko wace shekara in makarantun sakandare suka yi wasanninsu, ba a rasa wani siririn yaro ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, daga Bolari ko Jekadafari ko wani ƙauye na wajen Kaltungo, wanda zai zagaye fili sau goma sha biyu da rabi, mita 5,000 ke nan, ƙafa ba takalmi, ya bar na biyu da tazarar zagaye guda. A ɗauke shi a kafaɗa, shugaban makaranta ya ba shi bokitin roba da littattafan rubutu, mutanen unguwa su ce wannan sai Kenya. Bayan shekara uku a nemi labarinsa, sai a ji yana acaɓa, ko yana kwaleji amma ya bar gudu, gwiwa ta hana.

Jihar Gombe dai an yanke ta daga Jihar Bauci ran 1 ga Oktoba, 1996, kuma ba a ce ba ta da makarantu ba. A cikin gari akwai Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya, da Jami'ar Jiha wadda aka kafa a 2004, ga kuma Jami'ar Tarayya a Kashere tun 2011. Ga filin wasa na Pantami. Abin da babu shi ne hanyar da za ta ɗauki yaro daga ranar da aka ɗaga shi a kafaɗa zuwa ranar da ƙashinsa ya yi ƙwari.

A sakandare yaro yana kara wa da tsararrakinsa ne, waɗanda yawancinsu ba su taɓa yin atisaye ba. Baiwar da Allah ya ba shi ta ishe shi. Da ya shiga kwaleji ko jami'a sai ya tarar da ƙarti 'yan shekara ashirin da biyar a bakin layi, zangon kuma ya ƙaru, daga mita 3,000 ko 5,000 zuwa 10,000. Yaron da bai taɓa ganin ƙeyar kowa a fili ba sai ga shi na goma sha biyar. Nan fa ake yin ta. Waɗansu zuciya ta karye su bari. Waɗansu kuma su ce ai ƙarancin atisaye ne, su ninka gudunsu cikin wata guda, a kan kwalta, a zafin watan Maris da Afrilu na Gombe, da takalmin gwanjo wanda ƙasansa ya riga ya cinye. Ƙashin ƙauri ba ya jure wannan. Yakan fara da ɗan ciwo wanda ake dannewa da man zafi, ya ƙare a tsagewar ƙashi.

Wanda ya jure wannan ma, ina gasar da zai shiga? Wasannin jami'o'in Nijeriya, waɗanda ake kira NUGA, an fara su a Badun a 1966. An yi a Makurɗi a 2017, ba a sake yi ba sai 2022 a Jami'ar Ikko. Shekara biyar ke nan. Ɗalibi yana iya shiga jami'a har ya kusa fita bai ji ƙarar bindigar tashi ba ko sau ɗaya. A tsakanin nan kuma malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara a 2020, da na wata takwas a 2022. Mai gudun dogon zango kuwa ba kamar ɗan ƙwallo ba ne da zai tara abokai a lungu su buga. In ba tsere a gabansa, ba abin da zai tashe shi da asuba.

Sai kuma maganar gida. Yaron da aka ce zai zama wani abu, an sa masa ido. Iyaye sun ji ana ambaton dubban daloli a tseren Ikko da na Okpekpe a Jihar Edo, suna jiran rabonsu. Don haka sai a tura ɗan shekara goma sha bakwai ya bi motar dare zuwa Kudu, ya kwana a tasha, ya shiga tseren da ya fi ƙarfin shekarunsa saboda 'yan kuɗin da ake ware wa 'yan ƙasa. Yarinya kuwa nata ya fi wuya, domin ban da wannan duka akwai surutun mutane kan tufafin gudu, da maganar aure wadda kan taso daidai lokacin da ƙafarta ta fara nuna.

Kada a ce rashin kuɗi ne kaɗai. A Amurka, inda jami'o'i ke ɗaukar 'yan wasa da sukolashif, da likita da mai horarwa da abinci, ana ganin irin wannan. A 2001 wani ɗan sakandare mai suna Alan Webb ya yi gudun mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 53.43, ya karya tarihin da Jim Ryun ya kafa tun 1965. Ƙasar duka ta ɗauka an sami magaji. Ya shiga Jami'ar Michigan, ciwon agara ya kama shi, bayan shekara ɗaya ya bar ƙungiyar jami'ar. Sai a 2007, yana ɗan shekara 24, ya kafa tarihin Amurka na mil ɗaya da minti 3 da daƙiƙa 46.91. Shekara shida ke nan tsakanin alkawari da cikawa.

Labarin Mary Cain ya fi ban tausayi. Tana 'yar shekara 17, a 2013, ta bar gasar makarantu ta shiga hannun mai horarwa Alberto Salazar, a 2014 kuma ta ci tseren mita 3,000 na matasan duniya. A 2019 ta fito ta faɗi da bakinta cewa an matsa mata ta rage nauyi, har ta yi shekara uku ba ta ga al'ada ba, ƙasusuwanta biyar suka karye. Wannan abu ne da ya kamata iyaye mata su sani: yarinya mai gudu in al'adarta ta ɗauke, alama ce abincin da take ci bai kai aikin da jikinta yake yi ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin.

To, a dubi Eliud Kipchoge na Kenya. Shi ma tun yana yaro ya yi suna, don yana ɗan shekara 18 ya ci mita 5,000 na duniya a Faris a 2003. Amma tarihin duniya na dogon tseren nan bai kafa shi ba sai a Balin a 2018, yana da shekara 33, ya sake karya shi a 2022 yana da 37. Duk tsawon shekarun nan mai horar da shi mutum ɗaya ne, Patrick Sang. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a wannan sana'a maganar tasu ta zauna daidai.

Tsofaffin mazauna Ikko za su tuna Janairun 1973, sa'ad da aka yi Wasannin Afirka a Surulere, wani saurayi ɗan Tanzaniya mai shekara 19, Filbert Bayi, ya kayar da Kipchoge Keino a mita 1,500. Nijeriya ta kalli wannan, amma ta zuba ƙarfinta a gajeren zango. Waɗanda suka sami sukolashif zuwa Amurka, daga Innocent Egbunike da Mary Onyali har zuwa Tobi Amusan, masu gajeren gudu ne. A dogon tsere kuwa, lokacin da Abbas Mohammed ya yi a 1990, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, ya haura shekara talatin ba ɗan ƙasar nan da ya karya shi.

Ana yawan cewa sirrin mutanen Kenya tudu ne, kuma da gaskiya a ciki. Garin Iten yana kan tudu mai kimanin mita 2,400, inda iska ba ta da kauri, jiki ya ƙara jini don ya wadatu. Jos tana wajen mita 1,200, Gombe kuwa ko rabin haka ba ta kai ba. Amma duwatsun Tula da na Kaltungo suna nan kudu da gari, hanyoyin burji masu sauƙi ga ƙafa suna ko'ina, Pankshin inda 'yan Filato suke atisaye kuma tafiyar yini ɗaya ce a mota, wadda ɗalibi zai iya yi a dogon hutu.

Saura abin da ke hannun yayye da kawunnai da ke neman kuɗi a Agege da Mil 12 da Sabon Badun, waɗanda su ne ake bugo wa waya in an ce yaro ya ci tsere. Takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, watau mai yin kilomita 80 a mako yana bukatar sabo duk bayan wata biyu ko makamancin haka. Yana bukatar wake da ƙwai da nono da nama fiye da ɗan'uwansa mai zaman aji kawai. Yana bukatar a auna jininsa a asibiti, musamman bayan damina, don zazzaɓin sauro yana rage jini, mai ƙarancin jini kuwa ko ya kwana yana atisaye ba zai yi sauri ba. Kuɗin motar da za a aika masa ya zo Ikko ya yi mil 26 yana ɗan shekara goma sha bakwai, in an haɗa da na komawa da na masauki, sun isa awon jinin da abincin wata guda.